Babi na Shida: Hannuwan da Ke Riƙe da Yaro

Wai me ya sa malaman makarantar yaran nan ba sa zama ne? Da wuya ka sami uwar da ta kai ɗanta kurma, ko makaho, ko mai lalurar galahanga makarantar kuɗi ta masu buƙata ta musamman, ba ta taɓa yin wannan tambayar ba. A zangon farko ta haɗu da wata malama mai fara'a, yaro ya saba da ita har ya fara yarda ya zauna a kujera. Da aka dawo daga hutu sai ta tarar da baƙuwar fuska a bakin aji. Ta tambaya, aka ce waccan ta sami aikin gwamnati. Kafin shekara ta zagayo, ita ma sabuwar ta yi gaba.

Shi kuma maigida tasa tambayar daban ce. Abin da yake biya wa yaron nan shi kaɗai ya fi na yayyensa uku a haɗe. To, ina kuɗin suke tafiya, da har za a ce malamai na gudu saboda albashi?

A babin da ya gabata mun duba gini da kayan aiki. Yanzu za mu duba mutanen da ke cikin ginin, domin su ne makarantar. Amsar tambayoyin nan biyu tana wuri guda, kuma da lissafi za mu fara.

Lissafin aji guda

Tsarin ilimi na ƙasa a Najeriya ya tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare ta gama-gari. A makarantar masu buƙata ta musamman kuwa, malami ɗaya ga yara 10 ya ce. Duk wanda ya taɓa shiga ajin da ke da yaran da ba sa iya zuwa bayi da kansu ya san ko goman ma sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Idan malama ta fita da yaro guda ta wanke shi, wa zai tsaya da tara ɗin da suka rage? Dole a sami mataimakiya.

Mu ɗauka ana biyan kowace ma'aikaciya mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024, wato naira 70,000 a wata. Shekara wata 12 ce, zangon karatu uku, saboda haka kuɗin kowane zango sai ya ɗauki albashin wata huɗu, naira 280,000 ke nan ga mutum ɗaya. A ajin gama-gari, idan aka raba wannan kuɗi kan yara 35, kowane yaro naira 8,000 ta hau kansa. A ajin musamman mai malama da mataimakiya, albashin zangon ya zama naira 560,000, kuma kan yara 10 za a raba. Kowane yaro naira 56,000. Ninki bakwai ke nan, alhali ba a yi maganar hayar gida ba, ko man janareta, ko motar ɗaukar yara, ko mai gashin ƙashin da ke zuwa sau biyu a mako, ko takardar rubutun makafi mai kauri da tsada. Kuma a lura, mafi ƙarancin albashi muka yi lissafi da shi, wanda ba zai riƙe ƙwararren malami ba.

Wannan shi ne tsaka mai wuyar da kowane mai irin wannan makaranta yake ciki. In ya ƙara kuɗi, iyaye su janye yara su mayar da su ɗaka, domin da yawansu sun riga sun gaji da hidimar asibiti. In bai ƙara ba, sai ya nemi inda zai rage. Ba ya iya rage haya, ba ya iya rage fetur, musamman tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Abin da ya rage a hannunsa shi ne mutane: ya cusa yara 18 a ajin mutum 10, ko ya sallami mataimakiya, ko ya ɗauki wadda ta gama sakandare ya ba ta abin da ya sawwaƙa. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019 ma ta keɓe wuraren aikin da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, kuma akasarin waɗannan makarantu ƙanana ne. Saboda haka ba abin mamaki ba ne iyaye su ga kuɗi ya yi yawa, malama ta ga albashi ya yi kaɗan, kuma dukansu su zama masu gaskiya.

Ina ake samo malaman?

A ce ma kuɗin ya samu. Samun mutumin da ya iya aikin wani jidali ne mai zaman kansa.

Ilimin masu buƙata ta musamman ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun 1953 'yan mishan suka buɗe makarantar makafi a Gindiri ta jihar Filato. A 1960 wani kurma baƙar fata ɗan Amurka, Andrew Foster, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan, kuma ta hanyarsa da almajiransa ne maganar hannu irin ta Amurka ta shiga makarantun kuramen Najeriya. A 1977 aka kafa Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman a garin Oyo domin horar da malaman wannan fanni. Jami'ar Ibadan da ta Jos da ta Bayero a Kano duk suna da sassan da ke koyar da shi. Duk da haka, waɗanda ake yayewa ba su kai buƙata ba, kuma makarantar kuɗi ba ita kaɗai ke nemansu ba. Makarantun gwamnati irin ta Tudun Maliki a Kano suna nema, ƙungiyoyin agaji suna nema, kuma su ne ke da fansho ko albashi mai kauri.

Akwai kuma wani abu da iyaye da dama ba su sani ba. Wannan fanni rassa ne da shi, kamar aikin likita. Wanda ya ƙware a rubutun makafi, wato ɗige-ɗigen nan shida da Louis Braille na Faransa ya tsara wajen 1824, ba lallai ne ya iya ko gaisuwa da maganar hannu ba. Wanda ya iya maganar hannu ba lallai ne ya san yadda ake zaunar da yaron da gaɓoɓinsa ke sanƙarewa ba, ko yadda ake ba shi abinci ba tare da ya shaƙe ba. Ba wanda zai kai ciwon ido wurin likitan haƙori don kawai shi ma farar riga ce a jikinsa. Amma sai ka ga makaranta ta ɗauki malami guda mai takardar fannin, ta rubuta a allon ƙofa cewa tana da ƙwararru, sannan ta tara masa makaho da kurma da mai farfaɗiya a aji ɗaya.

Ko a cikin maganar hannun ma akwai bambanci. Kurman da ya tashi a Kano yana zuwa makaranta da maganar hannu ta Hausa, wadda ya koya a gida da unguwa da majalisar kurame. Malamin da ya fito daga kwaleji kuma da ta makaranta ya zo. Idan bai yi tawali'u ya koyi ta yaron ba, watanni za su wuce suna kallon juna. Shi ya sa makarantar da ta san abin da take yi take ɗaukar kurame da makafi a cikin malamanta. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati. Dokar ba ta ɗora wa makarantar kuɗi wannan kaso ba, amma amfanin kanta ya isa ya sa ta yi. Yaro makaho da ya ji cewa malaminsa ma makaho ne, yana da mata da 'ya'ya da albashi, ya koyi darasin da ba a rubuta a manhaja ba.

Ranar da malama ta tafi

A makarantar gama-gari, idan malamin lissafi ya ajiye aiki, wani zai zo ya buɗe littafi ya ci gaba daga shafin da aka tsaya. A nan kuwa shafin da aka tsaya yana cikin kan malamar da ta tafi.

Ita ce ta san cewa yaron nan idan ya fara murza kunnensa, fitsari yake ji. Ita ta san cewa yarinyar can ba ta jure ƙarar fanka, kuma in aka sa ta kusa da taga sai ta nutsu. Ta san wanda ba ya cin abinci in wake ya taɓa shinkafa, ta san wanda idanunsa ke kafewa daƙiƙa kaɗan kafin farfaɗiya ta kayar da shi. Wata shida ko shekara ta ɗauka tana tara wannan sani, ta hanyar kuskure da cizo da yaƙushi. Ranar da ta ɗauki jakarta, duk ya bi ta.

Sabuwar da ta zo, ko da ta fi ta takardu, daga farko za ta faro. Yaro ya murza kunne, ba ta gane ba, ya jiƙa wando, ya yi kuka, ya buga kansa a bango. A rubuta wa iyaye cewa halinsa ya canja. A gida kuma uwa ta ga yaron da ya fara riƙe cokali ya daina, ta shiga zargin ko magani ne ya daina aiki, ko kuma wani ne ya sa masa hannu. Abin da ya faru bai wuce cewa mutumin da ke jin yarensa ya tafi ba. Yawancin waɗannan yara, musamman masu galahanga, da sabo suke rayuwa: fuska ɗaya, murya ɗaya, tsari ɗaya kullum. Sauya musu malami kamar a ɗauke mutum cikin dare ne a ajiye shi a garin da ba ya jin harshensu.

Maganin wannan asara ba shi da tsada. Kowane yaro ya kasance yana da fayil nasa, wanda aka rubuta abin da ya iya, da abin da ake koya masa a wannan zango, da abin da ke tayar masa da hankali, da abin da ke kwantar masa, da magungunansa da lokutansu. A riƙa sabunta shi tare da iyaye. Duk malamin da zai tafi ya ba da sanarwar wata guda, ya yi aƙalla mako biyu a aji tare da wanda zai gaje shi. Kuma kada a bari yaro ya saba da mutum ɗaya tak a duk makarantar. Makarantar da iliminta game da yara ke cikin kawunan ma'aikata kawai, kamar ɗan kasuwa ne da ke ba da bashi ba ya rubutawa.

Waɗanda ba a sa su a lissafi

Idan baƙo ya zo, malamai ake nuna masa. Amma a ƙirga sa'o'in da hannun wani ke jikin yaro, za a ga masu raino ne a gaba. Su ke canja masa ƙunzugu, su ɗaga shi daga keke su ɗora a tabarma, su ba shi abinci a baki, su share masa yawu. Su ne kuma mafi ƙarancin albashi, kuma galibi ba wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu komai. An ɗauka tunda mace ce kuma ta yi raino a gida, ta iya.

Rainon gida daban, wannan daban. Ɗaga yaro ɗan shekara 12 da ba ya iya tallafar jikinsa, sau shida ko bakwai a wuni, yana kashe bayan mutum in bai san dabarar ba, kuma yana iya gurɗa kafaɗar yaron. Ba wa mai wahalar haɗiya abinci yana kwance rigingine na iya tura abincin cikin huhunsa. Idan farfaɗiya ta tashi, abin da aka gada a unguwa shi ne a danne yaro a cusa masa cokali a baki. Wannan kuskure ne mai karya haƙori da toshe numfashi. Abin da ya dace shi ne a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, a juya shi ta gefe, a duba agogo, in ta wuce minti biyar a garzaya asibiti. Wannan bayani bai kai minti goma a koyar ba, amma sai a nemi wanda ya san shi a cikin masu raino a rasa.

Haka direba. Shi kaɗai ne da yara a mota safe da yamma, kuma shi ya kamata ya leƙa kowace kujera kafin ya kulle, domin yaron da ba ya magana ba zai ƙwala kira ba in an manta da shi cikin zafin watan Afrilu. Haka maigadi, wanda ya kamata ya san yaron da ke da halin sulalewa ya nufi titi, ya kuma san fuskar wanda aka yarda ya ɗauki kowane yaro. Haka mai dafa abinci. Duk horon da za a yi a makaranta, in ba a sa waɗannan a ciki ba, an yi wa rabin jiki wanka ne.

Mai makaranta da aljihunsa

Yawancin irin waɗannan makarantu da kyakkyawar niyya aka kafa su. Sau da yawa uwa ce da ta haifi irin yaron, ta yi yawon neman makaranta ta rasa, ta buɗe tata a ɗakunan gidanta. Allah Ya saka musu da alheri, domin sun toshe ɓarakar da hukuma ta bari. Sai dai tausayi shi ke buɗe makaranta, tsari ke riƙe ta, kuma a nan ne ake yawan tuntuɓe.

Tuntuɓe na farko shi ne haɗa aljihu. Kuɗin makaranta na shiga asusun mai makaranta na kansa, daga nan ake cefanen gida, daga nan ake gudummawar biki. Kuɗin zango yakan shigo ne a makonnin farko, albashi kuwa kowane wata yake jira. Idan ba a ware na wata huɗu an ajiye ba, wata na uku sai a fara cewa malamai su yi haƙuri, ai aikin lada ne. Lada gaskiya ne, amma mai gidan haya ba ya karɓar sa.

Na biyu shi ne cika makaranta da dangi. Ƙanwar mai makaranta ce ma'aji, ɗan wansa ne direba, surukarsa ce shugabar masu raino. Ɗaukar ɗan'uwa ba laifi ba ne in ya cancanta. Matsalar ita ce ranar da ya yi ba daidai ba, wa zai iya faɗa? Malamar da ta ga ɗan wan mai makaranta ya mari yaro za ta auna albashinta da gaskiyarta, kuma sau da yawa shiru ke rinjaye.

Na uku shi ne hedimasta na jeka-na-yi-ka. An ba shi ofis da suna, amma ba ya iya sayen alli sai ya buga waya, ba ya iya ɗaukar ma'aikaci ko tsawata masa. Ko kuma mai makarantar ne da kansa hedimasta, shi ne ma'aji, shi ne mai karɓar koke, alhali bai karanci fannin ba. Idan ya yi tafiya, komai ya tsaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ko makaranta ƙarama ce tana buƙatar kwamitin mutum biyar ko bakwai da ke zama kowane zango, a ciki akwai wakilin iyaye, da ma'aikacin lafiya, da wanda ya san lissafin kuɗi, da mai buƙata ta musamman guda, kuma su kasance mutanen da za su iya kallon mai makaranta su ce masa a'a.

Na huɗu shi ne rashin iya cewa ba za mu iya ba. Uba ya zo da yaro da kuɗi a hannu, makaranta ba ta da wanda ya san lalurar yaron, amma ana buƙatar kuɗin. Sai a karɓa, a ajiye shi a lungun aji yana kaɗa kai har a tashi. An cuci yaron, an cuci uban, an kuma ƙara wa malamar da dama ta gaji kaya.

Yaron da ba zai iya kai ƙara ba

Nan ne maganar ta fi nauyi. Yaro mai lafiya in an doke shi a makaranta zai dawo gida ya faɗa. Wanda ba ya magana sai dai uwa ta ga shaida a jikinsa wajen wanka, ta tambaya a ce faɗuwa ya yi. Ko da ya iya nuni, ba kowa ke gaskata shi ba. Mugun mutum ya san da haka, shi ya sa irin waɗannan wurare ke jan hankalinsa. Wanda ba mugu ba ma, idan aka bar shi shi kaɗai da yara 15, ba hutu, ba horo, ga bashin albashi, wata rana hannunsa zai riga hankalinsa.

Kada a ɗauka talauci ne kawai ke jawo wannan. A yankin Doncaster na Ingila, an rufe wasu gidajen kwana uku na yara masu buƙata ta musamman a 2021, waɗanda wani kamfani mai zaman kansa ke gudanarwa tare da makarantunsa. Binciken da hukuma ta fitar a 2022 ya duba rayuwar yara da matasa 108 da suka zauna a can, ya gano duka da wulaƙanci da sakaci da ba da magani ba bisa ƙa'ida ba. Ana biyan maƙudan kuɗi a kan kowane yaro, kuma masu duba makarantu sun taɓa yaba wa wuraren. Abin da binciken ya nuna shi ne shugabanci mai rauni, da ma'aikatan da ba su sami isasshen horo ba kuma ba sa daɗewa, da koke-koken da aka yi ta kaiwa ba a bi su yadda ya kamata ba. Da yawan yaran ba sa magana, kuma iyayensu na nesa. In haka ta faru a ƙasar da ke da masu sa ido da kuɗi, to wanda gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta ya san abin yi.

Matakan kariya sanannu ne. Kada a ɗauki kowa aiki, ko mai shara ne, sai an tuntuɓi inda ya baro an ji dalilin barinsa. Malami ya nuna rajistarsa ta hukumar rajistar malamai, wato TRCN, mai gashin ƙashi ko mai koyar da furuci ya nuna lasisinsa. Ƙofar kowane aji ta kasance da gilashi ko a bar ta a buɗe. Kada babba ɗaya ya kulle kansa da yaro a ɗaki. Mace ta kula da tsaftar 'yan mata, namiji ta samari da suka tasa. A ajiye littafin rauni, wanda ko ƙujewa yaro ya yi za a rubuta lokaci da wuri da wanda ke wurin, a sanar da iyaye ranar, kafin su gani da kansu. Kada a ba yaro wani magani sai wanda likita ya rubuta kuma iyaye suka sa hannu, domin ba wa yaro mai ƙiriniya maganin mura don ya yi barci zalunci ne, ko da an kira shi taimako. A haramta bulala da ɗauri da kullewa a ɗaki, a rubuce. Sannan kowane ma'aikaci ya san mutum na biyu da zai kai wa ƙara in ƙarar ta shafi shugaba, ya kuma tabbata ba za a kore shi don ya faɗa ba.

Abin da ke zaunar da ma'aikaci

Mai makaranta zai ce duk ya ji, amma ba shi da kuɗin da zai yi gasa da gwamnati. Gaskiya ne. Sai dai ba ƙanƙantar albashi kaɗai ke korar mutane ba. Albashi kaɗan da ke zuwa ranar 28 ga wata ba fashi ya fi mai yawa da ba a san ranar zuwansa ba, domin da na farkon mutum na iya shiga adashi ya tsara rayuwarsa. Takardar ɗaukar aiki mai bayyana albashi da lokutan aiki da hutu ba alfarma ba ce, dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci ita cikin wata uku da fara aiki. Makarantar da ma'aikatanta suka kai 15 kuma dokar fansho ta 2014 ta hau kanta, inda mai makaranta ke zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8.

Bayan waɗannan akwai abubuwan da ba sa cin ko sisi. A ba malama rabin sa'a a tsakiyar wuni ta yi salla ta ci abinci ba yaro a cinyarta. A zauna sa'a guda duk ƙarshen mako, malamai da masu raino tare, a tattauna yaran da suka ba da wahala ba tare da neman mai laifi ba. Idan yaro ya ciji ma'aikaciya, a kai ta a duba ta, a tambaye ta yadda take ji, kada a ce ai aikin ke nan. Idan uba ya zo ya zazzage ta a gaban yara, shugaba ya shiga tsakani. A buɗe wa mai raino hanyar ci gaba, ta san cewa in ta yi shekara biyu za a ba ta dama ta yi karatun malanta na NCE a ƙarshen mako ta dawo malama. Mutum na jure aiki mai wuya in ya ga ana ganin ƙimarsa kuma gobensa ta fi yau.

Iyaye ma da nasu kason. Biyan kuɗi a kan lokaci shi ne albashin malamar ɗanka. Gaisuwa da godiya ga wadda ta wanke masa kashi sau uku yau ba ta rage ka da komai.

Tambayoyin da za ka shiga da su

Idan za ka duba makaranta, kada fenti da lilo su ɗauke maka hankali. Je ka ba tare da sanarwa ba, da hantsi, lokacin da aiki ya yi zafi. Ƙirga yara a aji, ka ƙirga manya. Tambayi malamar da za ta riƙe ɗanka shekararta nawa a nan, da abin da ta karanta. Tambayi shugaba malamai nawa suka tafi bara. Ce a nuna maka littafin rauni. In aka ce ba a taɓa samun rauni ba a makarantar da ke cike da yara, to ba a rubutawa ne. Tambayi mai raino abin da za ta yi in farfaɗiya ta kama yaro. Dubi yadda yara ke yi idan babba ya matso: suna nufo shi, ko suna kare kai da hannu? Makarantar da ta yi maraba da waɗannan tambayoyi tana da abin nunawa. Wadda ta tsayar da kai a bakin ƙofa ta riga ta ba ka amsa.

Duk wannan kulawa sa'o'i shida ko bakwai ce a wuni. Sauran lokacin yaro na gida, kuma abin da malama ta gina da safe yana iya rushewa da yamma in gida bai san da shi ba. A babi na gaba za mu shiga cikin gidan, mu ga yadda uwa da uba da 'yan'uwa za su ɗora daga inda makaranta ta tsaya.